Fasistanci a Turai da waɗanda suka ce a'a: tambayoyi da amsoshi

Tsofaffinmu suna kiransa yaƙin Hitila, kamar mutum ɗaya ne ya wayi gari ya hargitsa duniya. Alhali kafin a yi harbin farko a 1939, an shafe shekara ashirin ana wani yaƙin a tituna da majalisu da masana'antun Turai, tsakanin masu baƙar riga, wato 'yan Fasist, da waɗanda suka ƙi durƙusa musu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan zamani.

Wai daga ina kalmar Fasistanci ta samo asali?

Daga Italiya. A harshensu, fascio na nufin dami. A daular Rum ta dā, dogaran masu mulki kan saɓa damin sanduna da gatari a tsakiya, alamar ikon bulala da ikon kisa. Bahaushe zai gane rabin ma'anar nan take, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ɗaya rabin, wato gatarin, shi ne abin da ya kamata a lura da shi.

Benito Musolini, tsohon ɗan gurguzu kuma ɗan jarida, ya kafa ƙungiyarsa a birnin Milan ranar 23 ga Maris 1919. Aƙidar ba ta da wani tsayayyen littafi, tana sauya launi gwargwadon buƙata, amma akwai abubuwan da ba ta rabuwa da su: ƙasa ta fi kowa da komai, shugaba ɗaya ne kuma ba ya kuskure, majalisa da zaɓe ɓata lokaci ne, duka da kisa halal ne a siyasa, sannan kullum akwai wani maƙiyi na cikin gida da ake ɗora wa laifin duk abin da ya lalace.

Me ya sa jama'a masu hankali suka bi su?

Yunwa da tsoro da jin an wulaƙanta su. Italiya ta rasa sojoji sama da 600,000 a yaƙin duniya na ɗaya, tana ɓangaren da ya ci nasara, amma ba ta samu duk yankunan da aka yi mata alƙawari ba. Sojoji suka dawo gida babu aiki. A 1919 da 1920 ma'aikata suka yi ta yajin aiki suna mamaye masana'antu, manoma suna ƙwace gonakin masu ƙasa. Attajirai suka dubi abin da ya faru a Rasha a 1917, cikinsu ya ɗuri ruwa, suka fara ba 'yan bangar Musolini kuɗi da motoci. Su kuwa suna bin ƙauyuka cikin dare suna ƙona ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago, suna lakaɗa wa shugabanninsu duka, suna ɗura musu man gelo don su yi zawo a gaban jama'a. 'Yan sanda na kallo.

A Jamus kuwa, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta bar ɗaci, hauhawar farashi ta 1923 ta cinye ajiyar mutane har dala ɗaya ta kai mak, wato kuɗin Jamus, tiriliyan huɗu da ɗoriya, sai kuma durƙushewar tattalin arziƙin duniya ta 1929. A zaɓen 1928 'yan Nazi, wato jam'iyyar Hitila, kashi 2.6 cikin ɗari kacal suka samu. Da marasa aiki suka kai miliyan shida a 1932, suka samu kashi 37.

Juyin mulki suka yi, ko zaɓe suka ci?

Ko ɗaya. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma a ganina nan ne zuciyar labarin duka. Ba ɓalle ƙofa suka yi ba, buɗe musu aka yi.

A zaɓen 1919 jam'iyyar Musolini ba ta samu kujera ko ɗaya ba. A 1921 ta samu 35 a majalisa mai kujeru sama da 500, shi ma don firaminista mai ci ya sa su cikin jerin 'yan takarar gwamnati yana zaton zai rarrashe su. Abin da ake kira tattakin Roma na Oktoba 1922 barazana ce kawai. 'Yan baƙar riga sun taru a wajen gari cikin ruwan sama, makamansu ba su taka kara sun karya ba, kuma sojojin da ke Roma za su iya tarwatsa su. Firaminista Luigi Facta ya kai wa Sarki Victor Emmanuel na Uku takardar dokar ta-ɓaci, sarki ya ƙi sa hannu. Musolini ma bai yi tattakin ba. Yana Milan, sai da aka tabbatar masa da muƙamin firaminista sannan ya shiga jirgin ƙasa na dare ya iso Roma ranar 30 ga Oktoba.

Hitila ya gwada juyin mulki a Munich a Nuwamba 1923, ya sha kashi, ya yi zaman kurkuku na wasu watanni. Daga nan ya koma hanyar ƙuri'a, amma bai taɓa samun fiye da rabin ƙuri'u a zaɓe na gaskiya ba. A Nuwamba 1932 ma ƙuri'unsa raguwa suka yi zuwa kashi 33. Wasu 'yan mazan jiya ne, Franz von Papen a gaba, suka shawo kan tsohon shugaban ƙasa Hindenburg ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933. Lissafinsu shi ne za su kewaye shi da ministocinsu, tunda 'yan Nazi biyu kawai aka ba kujera ban da shi, su yi amfani da farin jininsa su murƙushe 'yan gurguzu, sannan su yar da shi. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ranar 27 ga Fabrairu gobara ta tashi a ginin majalisa, washegari aka dakatar da 'yancin magana da na taro. Ranar 23 ga Maris majalisar ta miƙa masa ikon yin doka shi kaɗai, da ƙuri'a 444 a kan 94. Ranar 2 ga Mayu aka rushe ƙungiyoyin ƙwadago. Dubi tazarar, wata uku ne kacal. Shi kansa Papen da ƙyar ya tsira da ransa a kisan gillar Yuni 1934, aka kashe mataimakansa.

Babu wanda ya yi tsayin daka tun da farko?

Akwai. A Agusta 1922 dubban 'yan Fasist ƙarƙashin Italo Balbo suka nufi birnin Parma. Mazauna unguwannin talakawa, maza da mata, suka haƙa ramuka suka toshe tituna da katako da duwatsu, ƙarƙashin jagorancin Guido Picelli da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Arditi del Popolo. Bayan kwanaki biyar maharan suka janye. Abin takaici, manyan jam'iyyun gurguzu na Italiya sun riga sun nesanta kansu da wannan ƙungiya, don ba su ne ke juya ta ba.

Sai Giacomo Matteotti, ɗan majalisa. Ranar 30 ga Mayu 1924 ya miƙe ya lissafa maguɗi da ta'addancin da aka yi a zaɓen shekarar, ana ta yi masa ihu yana ci gaba. Ranar 10 ga Yuni aka cusa shi cikin mota a bakin kogin Tiber da rana tsaka. Sai a watan Agusta aka tsinci gawarsa a wani daji a wajen Roma. Ƙasa ta girgiza, gwamnatin ta yi tangal-tangal, kuma da sarki ya motsa da ta faɗi. 'Yan adawa suka ƙaurace wa majalisa suna jiran ya motsa ɗin. Bai motsa ba. Ranar 3 ga Janairu 1925 Musolini ya tsaya a majalisa ya ce shi ne ke ɗauke da alhakin duk abin da ya faru, wanda ya isa ya tuhume shi. Ba wanda ya tuhume shi.

Wani adadi da ba ya fita a raina: a 1931 aka ce malaman jami'a su yi rantsuwar biyayya ga mulkin Fasist. Cikin mutum sama da 1,200, kimanin goma sha biyu ne suka ƙi.

To me ya hana masu adawa haɗa kai?

Tsohuwar gaba, kuma ba ta banza ba ce. A Jamus, gwamnatin jam'iyyar SPD ta masu sassaucin gurguzu ce ta yi amfani da tsofaffin sojoji wajen murƙushe boren Janairu 1919, inda aka kashe shugabannin 'yan kwaminis Rosa Luxemburg da Karl Liebknecht. 'Yan kwaminis ba su manta ba. Su kuma bisa umarnin Mosko suka riƙa kiran 'yan SPD Fasist masu rigar gurguzu, suna ɗaukarsu a matsayin babban maƙiyi. A zaɓen Nuwamba 1932 jam'iyyun biyu sun tara kujeru 221, 'yan Nazi na da 196. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan 'yan watanni suka haɗu a sansanin Dachau, wanda aka buɗe a Maris 1933 musamman don 'yan siyasa irinsu.

Mosko ta sauya layi a 1935 ta ce a haɗa kai da duk mai adawa da Fasistanci. Ga Jamus dai ihu bayan hari ne. A Faransa kuwa ya yi amfani, ƙawancen ya ci zaɓen 1936 Léon Blum ya zama firaminista. Sannan a 23 ga Agusta 1939 Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitila suka raba Polan, 'yan kwaminis na Turai suka rasa bakin magana har sai da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet a Yuni 1941.

Fasistanci da aƙidar Nazi abu ɗaya ne?

Uwa ɗaya ce, hali ya ɗan bambanta. Hitila ya kwaikwayi Musolini a abubuwa da yawa, amma shi ya ɗora komai a kan jini da launin fata, da ƙiyayyar Yahudawa. Daga dokokin Nuremberg na 1935 abin ya kai ga kisan Yahudawa miliyan shida, da ɗaruruwan dubban 'yan ƙabilar Romani da Turawa ke kira Gypsy, da naƙasassu, da fursunonin yaƙin Sobiyet sama da miliyan uku. Italiya ma ta yi nata dokokin wariyar a 1938. Franco na Sifaniya da Salazar na Fotigal sun fi jingina da soja da coci da masu ƙasa, shi ya sa masana ke jayayya ko a kira su 'yan Fasist ko 'yan kama-karya kawai. Wanda ke cikin kurkukunsu dai bai ga bambanci ba.

Me ya kai mutanen ƙasashe kusan hamsin yaƙin basasar Sifaniya?

A Yuli 1936 janar-janar, ciki har da Franco, suka yi wa zaɓaɓɓiyar gwamnati tawaye. Jiragen Jamus da Italiya ne suka kwaso sojojin Franco daga Maroko suka tsallakar da su teku. Ingila da Faransa suka ce babu ruwan kowa, suka hana gwamnatin halal sayen makamai, alhali Hitila da Musolini na turo jirage da dubban sojoji a fili. Ganin haka mutum kimanin 35,000, ma'aikatan tashar jiragen ruwa, masu haƙar kwal, ɗalibai, 'yan gudun hijirar Jamus da Italiya, suka tafi da ƙafarsu. A Guadalajara, Maris 1937, 'yan Italiya masu sa kai suka gwabza da sojojin Musolini, suka kuma kore su. Ranar 26 ga Afrilu 1937, ranar kasuwa, jiragen Jamus da Italiya suka yi wa garin Guernica ruwan bama-bamai.

Taken masu kare Madrid shi ne No pasarán, wato ba za su wuce ba. Da shi mazauna gabashin Landan, Yahudawa da 'yan Ailan da 'yan ƙwadago, suka tare titin Cable ranar 4 ga Oktoba 1936 suka hana 'yan baƙar rigar Oswald Mosley, shugaban 'yan Fasist na Ingila, yin maci. A Landan ba su wuce ba. A Madrid sun wuce, a Maris 1939, bayan ɓangaren gwamnati shi ma ya ɓata lokaci yana kashe junansa a Barcelona a Mayu 1937.

A cikin Jamus kanta fa, kowa ya yi shiru?

Mafi yawa sun yi shiru, da dama ma sun yi tafi. Waɗanda suka motsa 'yan kaɗan ne, kuma kusan dukansu sun biya da ransu.

Georg Elser kafinta ne, ba shi da jam'iyyar da ta aiko shi. Ya san kowace shekara Hitila na jawabi ranar 8 ga Nuwamba a wani zauren shan giya a Munich. Sai ya riƙa zuwa cin abincin dare, ya ɓuya har a rufe, ya kwana a durƙushe yana rarake ginshiƙin da ke bayan mumbari, da asuba ya fita da ɓaraguzan a jaka. Dare sama da talatin yana wannan aiki, har gwiwoyinsa suka kumbura. Ya haɗa bam da agogo biyu, ya saita shi ƙarfe 9:20 na dare. A wannan shekara ta 1939 Hitila ya gajarta jawabinsa don ya kama jirgin ƙasa zuwa Barlin, ya fita ƙarfe 9:07. Minti goma sha uku. Rufin ya rufto daidai inda ya tsaya, mutum takwas suka mutu. An kama Elser a daren a kan iyakar Suwizalan, aka ajiye shi har 9 ga Afrilu 1945 sannan aka harbe shi a Dachau.

Sai ɗaliban jami'ar Munich da suka kira kansu Farar Fure. Makaminsu takarda ne da injin gurzawa. Ranar 18 ga Fabrairu 1943 Hans Scholl da ƙanwarsa Sophie suka ajiye takardu a ƙofofin azuzuwa, Sophie ta tura ragowar daga bene suka watsu a tsakar ginin. Mai gadi ya gani. Kwana huɗu bayan haka aka yi musu shari'a da safe, aka fille musu kai da yamma tare da abokinsu Christoph Probst. Shekararta 21. Hafsoshin soja kuwa sai 20 ga Yuli 1944 Kanar Stauffenberg ya dasa nasa bam ɗin, lokacin da kowa ya ga yaƙin ya riga ya juya.

Yaya gwagwarmayar ta kasance a ƙasashen da aka mamaye?

Kowa da irin tasa. A Amsterdam ma'aikata sun yi yajin aiki a Fabrairu 1941 don an fara kamen Yahudawa. A Atina samari biyu, Manolis Glezos da Apostolos Santas, suka hau dutsen Acropolis cikin dare a ƙarshen Mayu 1941 suka sauke tutar Nazi. Malaman makaranta na Norway suka ƙi shiga ƙungiyar da gwamnatin Quisling mai biyayya ga Jamus ta kafa musu a 1942, aka kama sama da dubu, ba su sauya ba. Masunta a Denmark suka tsallakar da Yahudawa sama da 7,000 zuwa Sweden a Oktoba 1943. A Albaniya, inda Musulmi suka fi yawa, iyalai sun ɓoye Yahudawa bisa al'adarsu ta riƙon amanar baƙo, har yawan Yahudawan ƙasar bayan yaƙi ya zarce na kafinsa. A Yugoslabiya mayaƙan sunƙuru na Tito suka zama cikakkiyar runduna ta ɗaruruwan dubbai. A Faransa Jean Moulin ya yi ta fama har ya haɗa ƙungiyoyi masu gaba da juna a majalisa ɗaya ranar 27 ga Mayu 1943. Ba a yi wata guda ba aka kama shi, ya mutu da azaba bai tona kowa ba.

Farashin fa? A Sabiya dokar Jamusawa ita ce a kashe farar hula 100 a kan kowane sojansu da aka kashe. Bayan an hallaka babban jami'in Nazi Reinhard Heydrich a Prague a 1942 aka shafe ƙauyen Lidice daga doron ƙasa. A Roma, bam ya kashe 'yan sandan Jamus 33 ranar 23 ga Maris 1944, washegari aka harbe mutum 335 a cikin kogon Ardeatine. Don haka duk mai shirin kai hari ya san maƙwabtansa ne za su biya, kuma har yau ana gardama a waɗannan garuruwa kan ko ya dace. Yahudawan unguwar da aka killace a Warsaw da suka tashi ranar 19 ga Afrilu 1943 su ba su da wannan lissafi, sun san mutuwa ce ko ta yaya, suka riƙe kusan wata guda da ƙananan bindigogi da kwalaben fetur.

Su ne suka ci yaƙin?

A'a. Rundunonin Sobiyet da Amurka da Ingila ne suka karya Jamus, kuma Tarayyar Sobiyet kaɗai ta rasa mutum kimanin miliyan 27. 'Yan gwagwarmaya sun kawo bayanan sirri, sun lalata layin dogo, sun ɗaure wa Jamus rundunoni da dama, sun ceci rayuka. Bayan yaƙi kuma kowa ya zama ɗan gwagwarmaya a bakinsa, musamman a Faransa da Italiya, har waɗanda suka yi wa 'yan mamaya aiki.

Akwai abin da ya haɗa wannan labari da Afirka?

Sosai ma, tun kafin Turai ta ɗanɗana. A Libiya sojojin Musolini sun tusa mutanen gabashin ƙasar kimanin 100,000 a sansanoni cikin hamada, suka rataye Umar Mukhtar ranar 16 ga Satumba 1931. Ranar 3 ga Oktoba 1935 suka shiga Habasha, suka yi amfani da iska mai guba. Sarki Haile Selassie ya kai kuka gaban Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci a Geneva a 1936, aka saurare shi aka watse. A Fabrairu 1937, bayan an jefi Janar Graziani, gwamnan Italiya a Habasha, da gurneti, aka yi kwana uku ana kashe dubban mutane a Addis Ababa.

Sojojin Najeriya na cikin waɗanda suka kori Italiya daga can. Birged ta 23 ta shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, ta ci tafiyar ɗaruruwan mil zuwa Harar ta Habasha cikin kusan wata guda. Jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi kan ya da zango a Kano da Maiduguri a hanyarsu ta zuwa Masar. Gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan Guyanar Faransa, ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun Agusta 1940, alhali Nijar tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har ƙarshen 1942. Daga Chadi kwamandan Faransa Leclerc ya tashi da sojoji, mafi yawansu 'yan Afirka, ya ƙwace Kufra ta Libiya a Maris 1941. Kafin rundunarsa ta shiga Paris a Agusta 1944, an riga an tsame baƙaƙen sojojin daga cikinta. A Disamba na wannan shekara, a Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan 'yan Afirkan da suka dawo daga sansanonin Jamus suna neman haƙƙinsu.

Amma ai wasu na cewa Hitila ya yaƙi 'yan mulkin mallaka, don haka ba maƙiyinmu ba ne?

Maƙiyin maƙiyinka ba lallai ne masoyinka ba. Hitila sha'awar yadda Ingila ke mulkin Indiya yake yi, burinsa ya yi irinsa a gabashin Turai. A littafinsa ya kira baƙar fata rabin biri. A 1937 gwamnatinsa ta yi wa ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka suka haifa da matan Jamus aikin hana haihuwa da ƙarfi. A Yuni 1940, a Chasselay kusa da Lyon, sojojinsa suka ware fursunoni baƙaƙe daga Turawan hafsoshinsu suka bindige su. Musolini kuwa ya hau doki a Tarabulus a Maris 1937 aka miƙa masa abin da aka kira takobin Musulunci, wata ɗaya bayan kisan Addis Ababa, shekara shida ba ta cika ba da rataye Umar Mukhtar.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, shi ke nan an gama da su?

'Yan gwagwarmaya sun kama Musolini kusa da tafkin Como sanye da rigar sojan Jamus, suka harbe shi ranar 28 ga Afrilu 1945. Washegari aka rataye gawarsa ƙafa a sama a dandalin Loreto na Milan, wurin da aka baje gawarwakin 'yan gwagwarmaya 15 a Agusta 1944. Hitila ya kashe kansa ranar 30 ga wata. Kotun Nuremberg ta yanke wa manya 12 hukuncin kisa.

Ƙananan kuwa da yawa sun sha. Italiya ta yi afuwa a Yuni 1946, kuma a Disamba na shekarar tsofaffin 'yan Fasist suka kafa jam'iyyar MSI, duk da daga baya tsarin mulkin 1948 ya haramta farfaɗo da tsohuwar jam'iyyar. Graziani bai taɓa gurfana kan abin da ya yi a Habasha ko Libiya ba. An ɗaure shi shekara 19 don ya yi wa Jamusawa aiki, ya fito bayan 'yan watanni, ya zama shugaban girmamawa na MSI. Mulkin Fotigal ya kai 25 ga Afrilu 1974, sa'ad da ƙananan hafsoshin da suka gaji da yaƙi a Gini Bisau da Angola da Mozambik suka kifar da shi. Franco ya mutu a gadon asibiti ranar 20 ga Nuwamba 1975, yana kan mulki. Sai a Oktoba 2019 aka tone gawarsa daga katafaren hubbaren da fursunonin siyasa suka yi aikin gininsa, kuma har yanzu a ƙauyukan Sifaniya jikoki na haƙa gefen hanyoyi suna neman ƙasusuwan kakanninsu.